Ƙirjin Inna da Azumin Bazara

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Nan unguwarmu Kpébié, a garin Parakou, tun hantsi rufin kwano yake fara ƙara don zafi, da azahar kuwa ko kaji ba ka gani a titi, duk sun laɓe ƙarƙashin motoci baki buɗe. Kamiyoyi, wato manyan motocin kaya, ɗauke da ƙwallon yazawa sai wucewa suke zuwa Gar, tashar jirgin ƙasa. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta ɗora ƙwallon a wuta a bayan katanga, warin ya tsallako ya same ni. Rabon da azumi da bazara da wannan wari su haɗu mini wuri guda, shekara talatin da 'yan kai ke nan, can Onklou, lokacin Inna da Baba suna raye. Allah ya jiƙansu.

'Yata Hadiza, wadda a lokacin tana goye a bayana, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tana aiki da likitocin ƙirji. Ita ta zaunar da ni kwanan baya tana yi mini karatu kamar 'yar lakkol, wato 'yar makaranta. Wai masu bincike sun daɗe suna bibiyar masu asma, sun gane hanci da ƙirji hanya ɗaya ce. Mai yawan atishawa da yoyon hanci, in aka bar shi, sau da yawa ciwon yakan gangara ƙasa. Shi ya sa yanzu akwai maganin fesawa a hanci, akwai kuma pompo iri biyu, wato ɗan bututun nan da ake fesa magani a baki: ɗaya na kullum don tsare ciwon, ɗaya na lokacin da numfashi ya sarƙe.

"Mama, alerji ake ce masa," in ji ta.

Na ce to, ashe har suna gare shi. Mu dai "murar Inna" muka san shi da ita, muna ma dariya.

Baba direban kamiyo ne a da. Ya yi shekaru yana ɗaukar kaya daga Gar ta Parakou zuwa iyakar Nijar. Da ganinsa ya fara raguwa, mai mota ya karɓi makullinsa, sai ya tattara ya koma Onklou, wani ƙauye a ƙasar Djougou, wadda mu muke kira Zugu. Wani amininsa ya ba shi gona mai itatuwan yazawa. Duk tsawon zamansa a hanya bai taɓa ajiye azumi ba. In aka ce masa, "Malam, ai an yi wa matafiyi rangwame," sai ya ce, "Mai tafiya a ƙasa aka yi wa. Ni a zaune nake."

Inna kuwa 'yar gidan malamai ce a Zugu, shi ya sa Baba yake kiranta Ta Zugu. Tana alfahari da cewa ban da kwanakin da Allah ya ɗauke wa mata, ba ta taɓa shan azumi ba, waɗannan ma kafin wata ya zagayo ta rama su tas. A taurin kai, idan ka ce Baba ne gaba, wallahi ka zalunci Inna.

Daminar da ta gabaci wannan azumi ta ɗauke da wuri, masara ta bushe tana goyo. Ina gidan mijina a Parakou aka aiko cewa Inna ba ta jin daɗi, aiki kuma ya yi mata yawa. Na goya Hadiza na shiga taksi. Abin da na tarar ya tsorata ni. Rumbu sai an shiga ciki an sunkuya kafin a ɗebo. Doya ta ƙare sai ta iri, wadda ko yunwa za ta kashe mutum ba a taɓa ta. Rijiyar unguwa in ka zura guga, da laka yake komowa.

Ga yadda ranakun suke tafiya. Da sahur ɗumamen tuwon jiya ne da miyar kuka, wani lokaci garin rogo kawai a jiƙa. Ana idar da sallar asuba mu ɗauki tuluna mu nufi busasshen rafi, mu tona rairayi, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo. Mu kan dawo gari ya waye, mu wuce gona tsintar yazawa kafin rana ta ɗaga. Busassun ganye suna ƙara a ƙarƙashin ƙafa, kana tsinta kana duba maciji. Kai, ban taɓa ganin jarrabawa irin tsintar yazawa da azumi ba! Ga ta nan ja da rawaya, ruwanta yana bin hannunka, ƙamshinta ya cika maka hanci, maƙogwaronka kuwa kamar an zuba toka. Sai dai ka murɗe ƙwallon ka jefa a kwando, ka yar da naman wa ƙudaje.

Bayan azahar ake gashi. Kwano ne aka huhhuda, a zuba ƙwallon, a ɗora a wuta. Man da ke cikin ɓawon yakan kama da wuta, ya tashi da baƙin hayaƙi mai yaji, ya shiga ido ya shiga maƙogwaro, in ya fantsamo maka a fata kuwa sai ta saluɓe. A kife shi cikin toka, a fasa da ɗan icce, a ɓare, a ɗura a kwalabe. Wani direban taksi yake kai wa ƙanwar mijina a Gar ta sayar, ya dawo mana da masara. Wannan hayaƙin shi ne abincinmu a shekarar. Inna kuma ita ce gwanar gashin, da kunne take gane lokacin kifewa. Ni in na karɓa sai ta ture ni.

"Matsa, Lami. Ke gawayi za ki yi mana."

Atishawarta ta fara tun yazawa tana fure, kamar kowace shekara. Da safe sai ta jera su ba iyaka, hanci yana zuba, idanu jawur tana ta murza. Baba yakan ce, "Ta Zugu ta tashi, ba sai zakara ya yi cara ba." Amma a wannan karon abin bai tsaya a hanci ba. Azumi bai yi nisa ba na fara jin wani ɗan kuka a ƙirjinta, siriri, kamar na jaririyar kyanwa. Daga rafi zuwa gida sai ta sauke tulu ta dafa itace.

Maƙwabciyarmu Asana, mace mai kirki, ta ce ai mura ce ta daskare, turare za a yi mata. Ta kawo wasu saiwoyi da ganye, aka zuba a garwashi, aka lulluɓe Inna da bargo a kai. Haka ake yi wa kowa, haka aka yi mana muna yara, ba wanda ya ga aibu. Ba a jima ba muka ga bargon yana jijjiga. Da muka yaye, Inna tana kife tana jan iska ba ta samu. Ranar Baba ya kama tunkiyar da yake tanadi don babbar Sallah ya kai wa mahauci, muka tari mota zuwa Zugu.

A asibiti aka yi mata allura, ƙirjin ya saki. Likitan da faransanci yake magana, Baba yana juya mana da ɗan faransancinsa na hanya. Ya ce asma ce. Ya rubuta pompo, Baba ya sayo a farmasi, aka nuna mata yadda ake fesawa ana ja. Ya ce ta nisanci hayaƙi, kuma da zarar ƙirji ya kama kada ta jira komai.

Inna ta ce, "Malam, tambaye shi azumi fa."

Likitan ya ɗaga kafaɗa. Baba ya ce, "Ya ce wannan a tambayi liman. Shi dai abin da ya sani, ƙirji bai san magariba ba."

Muka tambayi limamin Onklou. Ya ce malamai sun yi saɓani, wasu sun ce pompo yana karya azumi, wasu sun ce ba ya karyawa. Amma ko da yana karyawa, mara lafiya Allah da kansa ya ɗauke masa, ya rama in ya warke.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Allah ya ƙara wa liman sani. Ni ba mara lafiya ba ce. Mura ce."

Matan unguwa kuma suka ƙara mata gishiri. Wai duk wanda ya fara pompo ba ya rabuwa da shi har kabari, wai yana cinye zuciya. Hadiza in na ba ta wannan labari sai ta riƙe baki, ta ce har yau akwai masu zuwa asibiti da wannan magana. Inna dai ta naɗe pompon a tsumma ta cusa a cikin kwalla. Sai an sha ruwa take fito da shi, ta juya mana baya ta fesa, kamar mai yin abin kunya.

Na yi faɗa da ita har na gaji. Ni ma ai 'yarta ce, ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ƙwace gashin da ƙarfi, na ƙona kwano biyu ƙurmus, ta zauna daga nesa tana kallona tana tsaki. Da na juya baya zuwa rafi sai ta lallaɓa ta koma bakin wuta. In na yi magana ta ce, "To ku ci me? Ku ci lafiyata?" Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

A cikin goman ƙarshe ne abin ya faru. Ranar tun safe gari ya yi nauyi, hadari ya haɗu a gabas karon farko a shekarar, ya tsaya cak ya ƙi zubowa. Ko ganye ba ya motsi. Gumi yana bin mutum yana zaune. Bayan la'asar na tafi rafi, na bar ta a kwance, na ma sa ta yi mini alkawari. Ina dawowa da tulu na hango baƙin hayaƙi a tsakar gidanmu. Iskar hadarin ce ta taso farat ɗaya ta juyo mata da shi gaba ɗaya a fuska.

Na same ta zaune a gindin bango, hannuwa dafe da gwiwoyi, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi. Leɓunanta sun yi wani irin duhu da ban taɓa gani ba. Na jefar da tulun na ruga na zazzage kwallar, na zo na durƙusa.

"Inna, buɗe baki."

Ta datse haƙora. Ta ɗaga yatsa ta nuna rana.

"Saura... kaɗan."

Wane kaɗan? Rana tana nan saman itatuwan yazawa, ko ja ba ta fara yi ba. Mota kuwa babu sai da safe.

"Inna, don girman Allah! Don darajar iyayenki! Liman fa ya ce an ɗauke miki!"

Ta girgiza kai. Na roƙa, na yi kuka, na yi ihu, har na faɗa mata maganar da 'ya ba ta faɗa wa uwa. Hadiza ta tsorata ta canyara a bayana. Asana da wasu mata suka shigo, wannan tana fifita, wannan tana tofa addu'a. Abin da ya fi firgita ni, kukan nan na ƙirjinta ya fara raguwa, ba don ta samu sauƙi ba, iskar ce ta daina shiga. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushinta kamar in mare ta. Uwata za ta mutu a gabana, maganinta yana hannuna.

Sai ga Baba daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya dube ta, ya dube ni. Ya ajiye fartanyar a hankali ya tsuguna a gabanta.

"Ta Zugu, karɓi."

Ta girgiza kai.

"Ni mijinki na ce ki karɓa."

Ta kawar da fuska. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi masa haka ba.

Baba ya miƙe ya nufi randa, ya buɗe faifai, ya cika moɗa. Mun ɗauka yayyafa mata zai yi. Ya dawo ya tsaya daidai inda ba za ta iya kauce wa ganinsa ba, ya kafa kai ya sha. Ina jin ƙarar ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, yana zuba ta gemunsa. Matan suka ɗauki salati. Mutumin da ya ratsa hanyar Nijar da bakinsa a bushe shekara da shekaru, ga shi yana shan ruwa rana ba ta faɗi ba, a gaban mata. Ko bisimilla bai yi ba. Daga baya ya ce kunyar ambaton sunan Allah ya ji.

Ya sauke moɗar ya dube ta.

"To, nawa ya tafi. In kin mutu yanzu, kin tafi da naki cikakke, kin bar ni da zunubi a banza. In kin karɓa, na san abin da na saya da shi." Ya juya wajen randar. "Zan ƙara, Ta Zugu. Zan yi ta sha har ki buɗe bakin nan."

Bai kai ga randar ba na ji ta cafki hannuna. Hawaye suna zuba a fuskarta. Ta buɗe baki.

Na fesa. Na jira, na sake fesawa, na sake, kamar yadda aka nuna mana. Da farko kamar ba a yi komai ba. Can sai tari ya zo, kukan ƙirjin ya dawo da ƙarfi, kafaɗun suka fara sauka. Ban taɓa zaton zan yi murnar jin wannan kuka ba. Har ladan ya kira magariba ba wanda ya motsa, kunun da Asana ta kawo ya huce a ƙwarya.

Maganar farko da Inna ta iya haɗawa, Baba ta yi wa.

"Wata biyu ne fa, Malam. Ka sani?"

"Na sani tun kafin in ɗauki moɗar," in ji shi.

Da safe muka mayar da ita Zugu, aka kwantar da ita 'yan kwanaki. Baba kuma ya je da ƙafarsa ya gaya wa liman abin da ya yi. Liman bai sassauta masa ba. Ya ce, "Malam, ita aka yi wa rangwame, ba kai ba. Wanda ya sha da gangan, ramuwa da kaffara. Ko ka ciyar da miskinai sittin, ko ka yi wata biyu a jere."

Baba ya ce, "Allah gafarta malam, in aka tara miskinan garin nan bana, ai ni ne a gaban layi."

Washegarin Sallah ya ɗauki azumi. Kowa ya koma cin abincinsa, yara suna yawo da ragowar tuwon Sallah, shi kaɗai bakinsa a rufe. Ga shi ruwa ya sauka, lokacin huɗa da shuka ya zo, aikin da ba ya jiran kowa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, kwaɗi suna ta kuka, rafi ya kawo. Tun sassafe yake fita da garma, ya yini a sunkuye, gumi da laka sun haɗe masa a baya. Na taɓa kai masa iri gona ruwan sama ya tarar da mu. Na gan shi tsaye cikin ruwan, yana bin fuskarsa, ya matse leɓunansa da suka tsattsage kada ɗigo ya shiga. Na juya baya na yi kukana, don ba ya son a tausaya masa.

Ya rame har sai da ya ƙara ƙulli a mazagin wandonsa. Masarar da muke samu ba ta ƙaru ba, don gashin ya dawo hannuna, kwalaben sun ragu. Inna an hana ta kusantar murhu, amma kullum ita take tashe ni dafa sahur. Ta zauna a bakin ƙofa tana ba da umarni, ƙara gishiri, rage wuta, kwashe masa na saman. Nata rabon takan ture rabi cikin kwanonsa in ya tafi alwala. Sau ɗaya ta ce za ta taya shi azumin, ta haɗa da ramuwarta.

Ya ce, "Ranar da kika ɗauka kafin likita ya yarda, ranar zan karya, in faro daga farko."

Ta san zai aikata. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ban koma Parakou ba sai da ya kammala, ana gab da babbar Sallah, masara ta kai gwiwa. Ba mu yi layya ba a shekarar, tunkiyar ta riga ta tafi. Na sha tunanin abin nan. Ban ce Baba ya yi daidai ba, liman ma bai ce ba, shi kansa har ya rasu yana neman gafara a kai. Na dai san Inna ta rayu har ta ga auren Hadiza.

Da azumi ya zagayo na sake zuwa Onklou. Wata rana da hantsi muna tsakar gida da Asana da wasu mata ana ɓarar ƙwallo, Baba yana gefe a inuwa yana gyaran ƙotar fartanya. Na ji numfashin Inna ya fara canzawa. Kafin in buɗe baki sai na ga ta kwance bakin zanenta, inda mata suke ƙulle goro, ta fito da pompon. Ba ta juya wa kowa baya ba. Ta girgiza shi, ta sa a baki, ta fesa, ta ja.

Wata daga cikin matan ta zaro ido.

"A'a, Inna! Azumin fa?"

Inna ta jira numfashinta ya daidaita, ta mayar da pompon ta ƙulle, sannan ta nuna Baba da haɓa.

"In ramuwa ce zan rama. Dubi wuyan bawan Allahn can, har yau bai mayar da jikinsa ba. Ba shi da wani wata biyun da zai ba ni."

Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da buga ƙotar, amma na ga sai da ya sa hannun riga ya goge ido kafin ya sami kan ƙusar.